Yadda ake ceto bayanai daga faifan kwamfuta da ya lalace

Da zarar kwamfutarka ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, ko ta riƙa sandarewa duk lokacin da ka taɓa wata folda, ko ka kunna ta ta tare ka da baƙin allo mai cewa "Boot device not found", to ka danne maɓallin wuta har ta mutu, ka zare caja, ka bar ta. Kada ka sake kunnawa don ka ga ko ta warke. Faifan da ya fara lalacewa, sauran aikin da zai iya yi ƙidayayye ne, babu kuma wanda ya san ko awa goma ce ta rage masa ko minti goma. Wannan ɗan abin da ya rage, wajen kwashe bayanai ya kamata ya ƙare. In ɗakin ƙasa ya tsage da damina, kaya ake fara fitarwa, kiran magini sai daga baya.

Ga dalilin tsananin. A cikin faifan nan da masu gyara ke kira had-dis akwai faranti ɗaya ko fiye, suna juyawa sau 5400 ko 7200 a minti guda. A kan kowace fuskar faranti akwai allurar da ke karatu da rubutu, amma ba ta taɓa shi. Iskar juyawar ce ke ɗauke da ita, tazarar da ke tsakaninsu kuwa 'yan nanomita ce kawai, ƙwayar ƙura guda ta ninka ta sau ɗaruruwa. Idan laftof ta faɗi tana cikin aiki, ko allurar ta gaji don tsufa, sai ta goga farantin ta kankare fatar maganaɗisun da bayanai ke zaune a kai. Garin da ta kankaro ya shiga yawo a ciki yana ƙara ɓarna. Wurin da aka kankare ya tafi ke nan, babu manhaja ko injiniyan da zai dawo da shi.

Kafin ka kashe ko kwabo

Ɗauki biro ka rubuta ainihin abin da kake nema. Mutane kan ce "komai", amma in an zauna sai ka ga furojet ɗin makaranta ne, da lissafin shago, da hotunan biki. Sauran finafinai ne da waƙoƙi da za a sake samu a ko'ina. Sannan ka bi inda ka taɓa aika su: akwatin Gmail ɗinka ɓangaren saƙonnin da ka tura, WhatsApp, Google Drive, OneDrive wanda sau da yawa Windows ke kwafar Desktop da Documents zuwa cikinsa mai kwamfutar bai ma sani ba, filash ɗin da ka kai shagon buga takardu, wayar malamin da ke duba maka aiki. Wani lokaci a nan maganar ke ƙarewa.

Abu na biyu shi ne makulli. Kwamfutoci da yawa masu Windows 10 da 11 suna zuwa da BitLocker, tsarin da ke kulle bayanan faifai, a kunne. Idan haka taka take, ko ka kwafe faifan tsaf, abin da za ka gani shirme ne sai da lambar buɗewa mai alƙaluma 48. Shiga asusunka na Microsoft ta waya, a account.microsoft.com/devices/recoverykey, ka kwafe ta a takarda. In kwamfutar ta wurin aiki ce, lambar na hannun masu kula da kwamfutocin ofis.

Sai ka tabbatar faifan mai faranti ne. SSD, sabon nau'in faifai, ba shi da abin da ke juyawa, ba ya ƙara, kuma labarinsa daban ne: yana da wani tsari mai suna TRIM da ke share gurbin fayil jim kaɗan bayan an goge shi, don haka abin da aka goge a SSD da wuya ya dawo. Matakin kwafewa da ke tafe yana aiki a kansa muddin kwamfuta na ganinsa. In ba ta ganinsa sam, aikin ƙwararru ne.

Mataki na farko: saurare shi

Cire faifan daga kwamfutar. A tsofaffin laftof akwai ɗan murfi a ƙasa mai noti ɗaya ko biyu; a sababbi sai an ɗaga bayan gaba ɗaya, a fara zare wayar batir. Ka taɓa ƙarfe kafin ka riƙe shi, ka kama shi ta gefe, kada yatsa ya hau koren fanel ɗin da ke bayansa. Za ka buƙaci wata kwamfutar mai lafiya da kebul ɗin SATA (bakin da ake jona faifai da shi) zuwa USB, wanda ake samu a kasuwannin kayan kwamfuta irin su titin Beirut a Kano, Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja. Faifan laftof mai inci 2.5 wutar USB ta ishe shi. Na babbar kwamfutar tebur mai inci 3.5 yana buƙatar bolt 12, don haka sai adafta mai nata cajar. Idan kana da kwamfutar tebur a kusa, haɗa shi kai tsaye da SATA ɗin cikinta ya fi, domin adaftar USB mai arha kan rikice ta yanke duk lokacin da faifai ya yi jinkirin amsawa.

Kashe fanka da rediyo, ka ajiye faifan a kan tebur, ka jona, ka kara kunne. Sakan ashirin zuwa talatin sun isa.

Lafiyayyen faifai za ka ji ya taso da wani siririn huuu, allura ta ɗan yi kar-kar sau kaɗan, sai ya daidaita. In ka ji haka, kuma kwamfuta ta gan shi da sunansa da girmansa daidai, kana da sa'a, mafi yawan abin da ke cikin wannan jagora naka ne. Mai yiwuwa ma faifan ƙalau yake, bod ɗin laftof ne ko Windows ya rikice.

In ya taso amma ya shiga ƙas, ƙas, ƙas a jere da tazara iri ɗaya, wani lokaci ya tsaya ya sake tasowa, to allura ce ta kasa karanta abin da take buƙata don ta fara aiki. Zare shi nan take. Babu manhajar da ke gyara allura, kowane ƙas kuma yana iya zama sabon karce. Haka in ka ji ƙarar gurza, wannan ma ta fi muni. Tsallaka zuwa batun ƙwararru a ƙasa.

In bai juya ba sai wani ɗan tsit-tsit ko zzz mai maimaituwa, mota ce ke ƙoƙarin juya faranti ta kasa. A faifan laftof da ya faɗi, yawanci allura ce ta manne a kan farantin. Amma ƙarancin wuta ma yana kawo irin wannan kukan, don haka an yarda ka canza kebul da ramin USB sau ɗaya, ka gwada ramin bayan kwamfutar tebur maimakon na gaba. In bai canza ba, ka haƙura da shi haka.

In kuwa shiru ne ɗif, babu juyawa babu ɗumi, ko akwai ƙaurin ƙonewa, laifin fanel ne. Wannan ya fi faruwa bayan an kawo wuta da ƙarfi, ko janareto ya yi tsalle, ko an jona wa faifan waje cajar laftof mai bolt 19 a ramin bolt 12 saboda bakinsu ya yi kama. Albishir ɗin shi ne farantin yawanci lafiya lau yake. A kan fanel akwai wasu ƙananan diyod na kariya da ake kira TVS, aikinsu su ƙone a madadin sauran kayan. Mai gyaran da ya iya mita zai auna ya gano wanda ya haɗe, in ya cire shi sau da yawa faifan kan tashi har a kwashe kaya. Abin da ba ya aiki shi ne a ɗauko fanel ɗin wani faifan mai suna iri ɗaya a ɗaura kawai. Kowane faifai na zamani yana da bayanan saitinsa na kansa a wani ɗan guntun ROM a kan fanel, dole a ciro wannan guntun daga tsohon a liƙa a sabon.

Wani abin lura ga masu faifan waje. Da yawa daga cikinsu faifan SATA ne na yau da kullum aka sa a kwanso da ɗan fanel na USB, kuma bakin USB ɗin nan ne ke fara karyewa. A ɓalle kwanson a jona faifan kai tsaye, magana ta ƙare. Sai dai ƙananan faifan WD irin My Passport da Elements, USB ɗinsu a jikin fanel ɗin faifan yake, babu bakin SATA a ciki, don haka ɓalle kwansonsu ba ya ƙara maka komai.

Mataki na biyu: tambayi faifan lafiyarsa

Yayin da ka jona shi da Windows, wani akwati na iya fitowa yana cewa "You need to format the disk", ko "Scan and fix", ko a Disk Management ya ce "Initialize Disk". Amsar duka ukun ita ce Cancel. Kowannensu rubutu zai yi a kan faifan.

Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, a kan lafiyayyar kwamfutar. Tana karanta rahoton da faifai ke ajiyewa game da kansa, wanda ake kira SMART. Kalar da ta nuna, shuɗi ko rawaya ko ja, ishara ce kawai; layuka uku za ka duba a ginshiƙin Raw Values. Gurabe su ne ƙananan wuraren da faifai ke ajiye bayanai a ciki; layin 05 yana ƙirga waɗanda suka mutu aka maye su da na ajiya. Layin C5 guraben da faifan ya kasa karantawa yana jiran hukunci a kansu. Layin C6 waɗanda ya gwada gyarawa ya kasa. Idan duk sifili ne kuma faifan na amsawa da sauri, matsalarka ta tsarin fayil ce, ba ta ƙarfe ba. Idan C5 ko C6 na da wani adadi, musamman in ka sake dubawa bayan minti kaɗan ka ga ya ƙaru, faifan na kan hanyar mutuwa.

A nan ne ake yawan yin kuskuren da ya fi kowanne tsada, wato chkdsk. Duk inda ka bincika za a ce ka buga chkdsk /f /r. Wannan umarni aikinsa ya daidaita tsarin fayil don Windows ya samu natsuwa, ba ruwansa da ko hotunanka sun tsira. In ya tarar da bayanin fayil da ya kasa fahimta, yana iya yanke shi ya zubar, ko ya tara guntaye a foldar found.000. Harafin /r kuma yana tilasta wa majinyacin faifai ya karanta kowane gurbi daga farko har ƙarshe, awanni ana gurzarsa ba tare da an kwafi ko fayil ɗaya ba. Haka manhajojin da ke alƙawarin "gyara" matattun gurabe.

Sauran shawarwarin majalisa su ma a bar su. Sa faifai a firiza yana tara raɓa a kan faranti da zarar an fito da shi cikin zafi. Bubbuga shi yana iya ɓalle allurar da ta manne. Buɗe murfinsa a ɗaki ko a shago, balle da hunturu ana ƙura, shi ne hanya mafi sauri ta mayar da aikin da ƙwararre zai iya zuwa wanda ba zai iya ba.

Akwai sassauci ɗaya. Idan faifan na buɗewa kuma abin da kake nema ƙarami ne, misali foldar furojet mai megabait 50, kwafe ta yanzu-yanzu kafin komai. In kwafin ya tsaya cak a wani fayil, kada ka zauna kana jira ana ta maimaitawa. Zare kebul ɗin ka wuce mataki na gaba.

Mataki na uku: kwafe faifan ɗungurungum

Wannan ne zuciyar aikin. Maimakon bin fayil ɗaya-ɗaya, wanda ke sa allura tsalle-tsalle, za a karanta faifan gurbi bayan gurbi a zuba a fayil guda babba a kan wani faifan mai lafiya. Daga nan duk wani bincike a kan kwafin za a yi, ainihin faifan ya koma aljihun tebur.

Windows bai dace da wannan ba, domin in ya haɗu da mataccen gurbi nacewa yake yi har komai ya sandare. Abin da ya dace shi ne GNU ddrescue, manhaja kyauta ta Linux (wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows) da Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Hikimarta ita ce ta fara kwashe wurare masu sauƙi, in ta ci karo da wuri mai wuya ta tsallake ta rubuta a taswira, sai a ƙarshe ta dawo masa. Taswirar nan kuma ita ce ke ba ka damar ci gaba daga inda ka tsaya in an ɗauke wuta.

Kayan aiki: filash mai gigabait 4 ko fiye, da sabon faifan da ya fi majinyacin girma. Na terabait 1 sai ka tanadi na terabait 2, saboda kwafin zai cinye girman faifan gaba ɗaya ko da rabinsa fanko ne, sannan kana buƙatar wurin zuba abin da ka ceto. Yi wa sabon fomat na NTFS a Windows, ban da FAT32 wanda ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. Sauke SystemRescue, wani Linux ne da ke tashi daga filash kuma yana ɗauke da ddrescue da TestDisk da PhotoRec a ciki, ka rubuta shi a filash da manhajar Rufus. Na fi son sa a kan Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, don ba ya buɗe faifai da kansa in an jona. Kunna kwamfutar ka danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓi filash ɗin. In ta ƙi, sai an kashe saitin Secure Boot a BIOS, wato allon saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, amma in kwamfutar aro ce mai BitLocker, a nemo lambarta ita ma tukuna, don taɓa wannan saitin na iya sa ta tambaya.

Batun wuta da zafi kada ka raina shi. Faifan terabait 1 mai ƙoshin lafiya yana ɗaukar kimanin awa 3 ta SATA ko USB 3, ta tsohuwar USB 2 kuwa awa 8 zuwa 9. Majinyaci na iya kwana biyu ko mako. Yi aikin da laftof mai batir mai kyau, ko inda akwai inbata ko sola. Kamfanoni kan sa iyakar zafin aikin faifai a digiri 55 zuwa 60, ɗakin da ya riga ya kai 40 a watan Afrilu kuwa bai bar masa tazara mai yawa ba. Sa ƙaramar fanka ta riƙa hura shi, a kan tebur mai ƙwari inda ba mai ture shi.

Da SystemRescue ya tashi zai ba ka baƙin allo mai jiran umarni. Jona sabon faifan, sannan majinyacin, ka rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Za ka ga sunaye irin sda, sdb, sdc, kowanne da girmansa da lambarsa. Gwada lambar da wadda ke rubuce a jikin faifan. Kada ka yi zato a nan, ka duba sau biyu. A misalinmu majinyacin shi ne sdb, sabon kuma sdc. Buɗe sabon:

mkdir /mnt/ajiya
ntfs-3g /dev/sdc1 /mnt/ajiya

Sai zagaye na farko:

ddrescue -n /dev/sdb /mnt/ajiya/kwafi.img /mnt/ajiya/taswira.map

Jerin yana da muhimmanci: inda za a ɗebo, inda za a zuba, sai taswira. Harafin -n yana cewa kada a tsaya kankarar wurare masu wuya yanzu. Allon zai riƙa nuna alƙaluma. Wanda za ka sa wa ido shi ne "pct rescued", wato kason da aka ceto, da "current rate", saurin karatu, da "time since last successful read", tsawon lokacin da aka ɗauka ba a karanto komai ba. In sauri na sauka yana hawa, ba komai, haka abin yake. In ya sauka sifili ya zauna minti da yawa, ko faifan ya fara ƙas-ƙas, danna Ctrl da C, zare shi, bar shi ya huce. In ka dawo, sake buga lsblk tukuna, domin sunayen kan sauya bayan an sake jonawa, wanda yake sdb ɗazu yana iya zama sdc yanzu. Sannan ka maimaita umarnin da taswirar nan dai, zai ɗora daga inda ya tsaya. Idan kullum wuri ɗaya yake maƙalewa, ƙara -R don ya faro daga ƙarshen faifan ya yo baya.

In zagayen farko ya ƙare da kashi 99 da ɗoriya, ka riga ka ci riba. Yanzu a koma wa ragowar:

ddrescue -d -r1 /dev/sdb /mnt/ajiya/kwafi.img /mnt/ajiya/taswira.map

Harafin -d yana sa a yi magana da faifan kai tsaye, -r1 kuma a sake gwada matattun gurabe sau ɗaya. Za ka ga wasu na cewa -r3 ko fiye. A ganina, kafin ka matsa wa faifai haka, fara duba kwafin ka ga ko abin da kake nema ya riga ya fito. Ba dabara ba ce a kwana uku ana azabtar da faifai don megabait 2 da wataƙila wani fayil ɗin Windows ne da ba ka da buƙatarsa. Idan kuma zagayen farko ya nuna wani salo, a karanta wani yanki lafiya, a kasa wani, a sake karantawa, a sake kasawa da tazara iri ɗaya, alama ce allura ɗaya daga cikin allurai ta mutu. Nacewa ba za ta cike waɗannan giɓin ba.

Da ka gama, rubuta umount /mnt/ajiya kafin ka zare komai.

Mataki na huɗu: fito da fayiloli daga kwafin

Koma Windows da sabon faifan. Gwaji mafi sauƙi shi ne OSFMount, manhaja kyauta da ke buɗe kwafi.img ya fito kamar wani faifai mai harafinsa. Bar alamar "Read-only" a kunne. In foldoji sun bayyana, shiga Users, sunanka, ka kwashe Desktop, Documents, Pictures da Downloads. Kada ka manta da abubuwan da ke ɓoye: wasiƙun Outlook masu ƙarewa da .pst, fayil ɗin manhajar lissafin shago, da foldar AppData inda burauza ke ajiye alamomin shafuka.

In fatishan ɗin, wato sashen faifai da fayilolinka ke ciki, ya fito a matsayin RAW (Windows bai gane tsarinsa ba) ko bai fito ba, sai TestDisk na Christophe Grenier. Ba shi da kyan gani, rubutu ne zalla da kibiyoyin kibod, amma ya san aikinsa. Buɗe shi da sunan kwafin, wato testdisk kwafi.img a Linux, ko ka ja fayil ɗin ka sake shi a kan testdisk_win.exe. Zaɓi Proceed, ka amince da nau'in teburin da ya gano da kansa, Intel ko EFI GPT, sai Analyse, sai Quick Search. In ya jero fatishan, hau kan wanda girmansa ya yi daidai da naka ka danna P. Ganin sunayen foldojinka a nan shi ne alamar nasara. Ƙaramin a yana zaɓar duka, babban C yana kwafewa, sai ya tambaye ka inda za a zuba. In Quick Search bai samo ba, akwai Deeper Search, yana ɗaukar lokaci amma tunda kwafi ake karantawa ba abin da za a rasa. Ba ka buƙatar danna Write, burinka kwashe kaya ne.

Wanda baƙin allo ke firgita shi ya gwada DMDE. Tana buɗe kwafi kai tsaye, tana sake gina bishiyar foldoji ko da teburin fayil ya ɗan lalace, kuma ta kyauta tana barin ka ceto fayil har 4000 daga folda ɗaya a kowane karo. Ga mai neman foldoji biyar ko shida, wannan ya wadatar.

PhotoRec shi ne makamin ƙarshe, yana zuwa tare da TestDisk. Shi ba ya kallon teburin fayil sam, yana bin gurabe ne yana shinshino farkon kowane nau'in fayil, sama da nau'i 400. Yana aiki ko bayan fomat, amma da tsada: sunaye da foldoji duk sun tafi. Za ka samu recup_dir.1, recup_dir.2 har ɗaruruwa, cike da sunaye irin f1234567.jpg, haɗe da kowane ɗan tambarin da burauza ta taɓa saukewa. Rage wa kanka wahala ta shiga File Opt, danna s don cire duka, ka zaɓi abin da kake so kaɗai: jpg, pdf, doc, mov don bidiyon mp4, da zip, saboda docx da xlsx a ƙarƙashin zip suke. Bayan ya gama, jera hotunan bisa girma, duk abin da bai kai kilobait 100 ba yawanci tarkace ne. Manyan bidiyo kan fito a karye idan a warwatse suke a kan faifan tun asali.

Idan matsalar gogewa ce ko fomat, ba lalacewa ba

Fayil da aka goge yana nan har sai an rubuta wani abu a gurbinsa. Don haka a daina amfani da faifan nan take, kada a sauke manhajar ceto a kansa, kada a zuba abin da aka ceto a kansa. Manhajar Recuva ta isa ga gogewa ta yau da kullum. Fomat mai sauri, Quick Format, teburi kawai yake sabuntawa, DMDE kan dawo da kaso mai yawa. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a ko'ina, babu abin da ke saura. In an riga an ɗora sabon Windows, ya danne gigabait 20 ko fiye, amma abin da ke sauran faifan yana iya kasancewa, a kashe kwamfutar a ciro shi.

Akwai kuma wanda ba ɓata ba ne ko kaɗan. Faifan waje ko filash ya je shagon buga takardu ya dawo foldoji sun zama gajerun hanyoyi, alhali girman da aka cinye bai ragu ba. Bairos ne ya ɓoye su. Kada ka danna gajerun hanyoyin. Buɗe Command Prompt, in harafin faifan E ne ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldojin za su dawo, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Sai a bi da manhajar kashe bairos.

Lokacin da za a kai wa ƙwararru

Ƙas-ƙas, gurza, mannewar allura, faifan da ya sha ruwa, faifan da ke nuna girman da ba nasa ba ko sifili, duk sun fi ƙarfin gida, sun kuma fi ƙarfin mai gyaran laftof na gari komai iyawarsa. Canza allura yana buƙatar teburi mai tace iska, da wani faifan iri ɗaya da za a ciri kaya a jikinsa, da na'ura irin PC-3000 ta kamfanin ACE Lab wadda ke shiga manhajar cikin faifan ta kashe allurar da ta mutu a karanta da sauran. Aikin na da tsada, kuma gwajin farko shi ne mafi dama, don haka ka tambaya kafin ka miƙa. Za ku fara kwafe shi kafin komai? Da wace na'ura? In sai an buɗe, a ina za a buɗe? Za ku nuna mini jerin fayilolin da suka fito kafin in biya? In ba a samu komai ba, nawa zan biya? Wanda ya ce zai "sa masa software" alhali faifan na ƙas-ƙas, karɓi kayanka. Ka kuma faɗa musu gaskiyar duk abin da aka riga aka yi wa faifan, ko faɗuwa ce ko firiza, don ya canza yadda za su tunkare shi. Yi maganar sirri a fili tun farko, tunda hotunan iyali da takardun banki za su ratsa hannunsu.

In aikawa za ka yi ta tasha ko kamfanin aike, sa shi a ledar da ke hana tartsatsin lantarki, irin mai ruwan azurfa da ake sayar da sabon faifai a ciki, naɗe shi da soso mai kauri ta kowane gefe, a kwali wanda ba zai yi motsi a ciki ba. Faifan da ya sha ruwa kada a shanya shi a rana, a rufe shi a leda yadda yake a aika da wuri.

Bayan an ceto

Kada ka yarda da suna da girma kawai. Buɗe muhimman fayilolin ɗaya bayan ɗaya: hoto na iya buɗewa rabinsa toka-toka, takardar Word ta ƙi buɗewa, bidiyo ya tsaya a tsakiya. Wanda ya lalace, nemi wani kwafinsa a cikin abin da PhotoRec ya tono, sau da yawa akwai tsohon juyi na takarda ɗaya a wani gurbin. Ajiye kwafi.img da taswirarsa na 'yan makonni, domin sai an kwana biyu ake tuna wata foldar da aka manta. Abin da ka ceto kuma ya zauna a wuri biyu tun yau, ɗaya a faifai ɗaya a intanet, kafin ka goge kwafin.

Tsohon faifan kada ya koma aiki ko da ya yi kamar ya warke bayan fomat, kuma kada a sayar wa wani a matsayin mai lafiya. In za ka ba 'yan gwangwan, tuna cewa bayananka na nan a kan farantin. Kwance shi ka fasa farantin ko ka huda shi da dirila wuri uku ko huɗu. Na laftof sau da yawa gilashi ne, tarwatsewa yake yi, don haka a naɗe shi a tsumma kafin a sa guduma.